Tulun da Na Ƙwanƙwasa a Riyad

Ni maginiyar tukwane ce, uwata ma haka. Tukunya ba ta wuce ni ban ƙwanƙwasa ta na ji muryarta ba.

Da na je Riyad wurin autana, direba ne a gidan wasu Turawa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma tana hannunsu. Uwargidan ta ji sana'ata, ta ce lallai a tafi da ni gidan kayan tarihi, an kawo kayan mutanen da daga bakin Bahar Rum.

Gumakan da ba kai ba hannu ban ko kalle su ba. Wani dogon tulu ne ya tsayar da ni, mai hannu biyu, gindinsa tsini, wai daga ƙarƙashin teku aka tsamo shi. Igiya kawai aka gitta gabansa. Wallahi ban san na miƙa hannu ba. Ƙwas, ƙwas.

Wata ƙara ta tashi, masu gadi biyu suka taso. Amma abin da ya tsorata ni daban ne: tulun bai amsa ba. Muryarsa a dushe take. Akwai tsaga a cikinsa, tsohuwa, wadda ido bai gani. In suka gano ta, wa zai yarda ba ni ba ce?

Aka kai mu wani ɗaki mai sanyi. Autana na ta roƙo da Larabci, cikin wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba. Uwargidan ko kallonsa ba ta yi. Ta ƙofa ina hangen wata ma'aikaciya tana bin jikin tulun da fitila, a hankali, ta kai wuya, ta tsaya, ta dawo baya.

"Inna, suna tambaya, me ya sa kika taɓa?"

"Ce musu lafiyarsa na duba."

"To me kika ji?"

Ni da ban taɓa rufa wa tukunya asiri ba, ko ta ƙanwata ce, na ce, "Garau yake."

Aka dangwala mini yatsa a takarda, aka sallame mu. A mota uwargidan na zaune a baya. Sai da ta sauka na gaya wa autana gaskiya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Inna, don Allah, kada ki sake faɗa sai jirginki ya sauka gida."

Wata biyu na ƙara a garin. Duk sanda wayarsa ta yi ƙara, sai na ajiye abin da ke hannuna.