Zauren da Ya Rasa Goro

Shekarun baya, lokacin da sidi, kuɗinmu na Ghana, ya faɗi warwas, kowa a Salaga ya ɗaure cikinsa. Abin da ka saya da safe, kafin la'asar ya canza farashi. Ni doya nake sayarwa, sai ga wanda ya saba lodin mota yana tayin ƙwarya guda. A gida muka fara da madara, shayi ya koma ruwan bunu. Nama ya zama na Juma'a. Ni da nake cika baki cewa ba na shan koko ba ƙosai, sai ga ni ina lashe kofi har da godiya.

Mahaifina da kansa ya soke goro. Mu jikokin fataken goro ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin baƙo ya zauna a zaurenmu bai samu goro a faranti ba. Mahaifiyata ta ce a bar masa wannan ɗaya. Ya ce, "Jikokina na cin tuwo ba miya, ni ina tauna? A cire."

Mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe tunda ba goro, ba zai iya zaman zaure ba. Ya naɗe tabarmarsa ya koma cikin gida. Daga masallaci sai ɗaki.

Yana da amini a Yendi, wani tsohon dillalin shanu, tare suka yi ƙuruciya. Duk bayan 'yan makonni yakan hau mota ya zo, su wuni suna tsokanar juna a kan wanda ya fi tsufa. Rannan sai ga sallamarsa. Baba ya kama hannuna ya ce, "Ka ce na tafi Bimbilla."

"Baba, shi ne fa."

"Don shi ne. Da wane ido zan dube shi, faranti wayam?"

Na fita na yi ƙaryar, kuma ban iya ta ba, don takalman Baba na nan bakin ƙofa, shi da ba shi da wasu. Tsohon ya dubi takalman, ya dube ni. Ya ce, "Bimbilla ba takalmi? Lallai abokina ya ƙara ƙarfi." Ya yi 'yar dariya, ya sha ruwan da na kawo, ya ce in gaishe shi idan ya dawo. Na raka shi tasha, bai ƙara tada maganar ba.

Baba ya yi ta cewa da zarar abubuwa sun yi sauƙi zai sayi farin goro mai kyau ya je Yendi da kansa. Kafin sauƙin ya zo, ƙafa ta kama tsohon, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Bawku. Can ya rasu.

Ni na raka Baba ta'aziyya. Ya sayi goron kuwa, ya ƙunshe a ganye, ya riƙe a cinya tun daga Salaga. Da muka zauna, ya miƙa wa 'yar, ya ce na abokinsa ne, ya makara. Ta buɗe, ta yi murmushi, hawaye na zuba.

Ta ce, "Baba, ai tsoho ya daɗe bai cin goro. Haƙori babu. Kullum ya dawo daga Salaga, goronka na aljihu, mu yake ba. Ya ce in ya ƙi karɓa, kai ba za ka ji daɗi ba."

Muka yi sallama, muka shiga mota.

Yanzu kasuwa ta ɗan farfaɗo, madara ta dawo, ni ma na koma ƙosaina. Amma abin yana damuna har yau. Wanda aka ji kunyarsa, shi ne mutumin da ya fi kowa sanin halin da muke ciki, kuma da an buɗe masa zaure da ruwan randa kawai, da ya wuni. Idan matsi ya sa kuna rage kashe kuɗi, jama'a, ku rage, ba laifi ba ne. Ku dai bar ƙofa a buɗe.

Baba ya koma zaure. Kullum akwai goro a farantin, yana ba duk wanda ya shigo, amma shi bai ƙara kai shi baki ba.