Dadda Belaid, Mai Zangon Dirhami Saba'in

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, Belaid ɗan Hammu, mai zangon motocin kwana da ke kan hanyar Mirleft zuwa Sidi Ifni. Ya rasu a asibiti a Tiznit yana da shekara sittin da takwas. Likita ya ce zuciya ce. Ban musa masa ba, shi ya karanci aikinsa. Amma na san ranar da zuciyar nan ta fara gazawa, na kuma san bakin da ya jawo, domin ni na shayar da mai bakin.

Ni ce Zaina, ƙanwarsa. Ba rubutu ne sana'ata ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda masu gaisuwa suna ta cewa mutumin kirki ne, su sha shayi su tafi, kamar kirki abu ne da ba a biyan kuɗinsa. Na kuma ɗauka saboda Ijja, matarsa, wadda ke zaune cikin fararen kayan takaba a gidansu da ke tsakiyar zangon, alhali akwai mai son ya fitar da ita tun kafin ƙasar kabarin mijinta ta bushe.

Dadda, kamar yadda muke kiran babban wa a harshenmu, kai ka san abin da mahaifinmu ya bar mana: fili mai duwatsu, itatuwan argan goma sha ɗaya da ake matse mai daga 'ya'yansu, da iskar teku. Shekara ashirin da shida ke nan da motar farko ta tsaya maka a bakin hanya, wasu tsofaffin Faransawa suna neman ruwa. Ka ba su ruwa, ka ba su gurasa, suka kwana uku. Daga nan ka ja katanga da hannunka, ka haƙa rijiya, ka gina makewayi shida da wurin wanka, Ijja ta gina tanderu. Duk shekara in sanyi ya kori 'yan fansho daga ƙasashensu, sai su jero da motocinsu masu ɗaki da gado da murhu a ciki, su zauna mana daga Nuwamba zuwa Maris.

Ka rubuta dirhami saba'in a allon ƙofa, shekara tara ba ka goge ba. Cikin saba'in ɗin nan akwai wurin mota, da wutar lantarki, da ruwan zafi, da wurin zubar da ƙazantar motarsu, da gurasa mai zafi da ake rataya wa kowa a madubin mota da safe, da kuskus ranar Juma'a. Maƙwabtanka suna karɓar ɗari da ashirin, kuɗin wuta daban, mai kare ya biya wa karensa daban, gurasa kuwa sai ka taka zuwa kanti.

Na sha yi maka faɗa. Na ce, "Dadda, wannan zango ne ko zawiya?"

Ka ce, "Zaina, baƙin Allah ne. Tsofaffi ne kamar mu, 'ya'yansu sun watsar da su."

Na ce, "Tsohon da motarsa ta fi gidajen unguwarmu kuɗi, shi ne abin tausayinka?"

Sai ka yi dariya ka ce tun ina yarinya bakina ya fi ni tsawo.

Ba zan ɓoye alherinka ba don ina jin haushinka. Da matar wani Bajamushe ta rasu a cikin motarsu, kai ka rufe zango ka bi shi Agadir, kwana huɗu kuna yawon ofisoshi har aka sa gawar a jirgi, ba ka karɓi ko kuɗin mai ba. Da teku ta cinye mijina tare da jirgin kamun kifinsu, kai ka zo ka ɗauki ɗana Idir, yana ɗan shekara shida, ka ce Allah bai ba ku haihuwa ba amma ga shi Ya ba ku ɗa. Ijja ta yi masa wanka, ta zauna a kansa da ya yi ƙyanda. Kai ka sayar da awakinka ka kai shi makarantar koyon aikin otal. Ku riƙe wannan, masu karatu, za ku buƙace shi.

Cikin baƙinka akwai Armand, Bafaranshe, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Sanyi goma sha huɗu ya yi a wurinka, kullum a gindin argan ɗin da ke kallon teku. Yana kiran ka ɗan'uwansa. Kai kuma duk ranar da ya iso sai ka yanka akuya. A wurinmu wanda ya ci gishirinka sau uku ya zama na gida, ba a ciniki da shi, abin da ya miƙo shi ake karɓa. Kuskurenka ke nan, Dadda. Ka ɗauka kowa ma haka yake lissafin gishiri.

Shekara uku da suka wuce wani abu ya fara. Ijja ta daɗe tana fama da gwiwar hagu. Sai ga baƙi, waɗanda ba su taɓa taka ƙasarmu ba, suna saukowa daga mota, su zauna shan shayi da kai, kafin kofi na biyu su tambaye ka, "Yaya gwiwar Madam?" Fuskarka sai ta cika da haske. In sun tashi biya, ka ture hannunsu ka ce hamsin ta isa, ai ku 'yan gida ne.

Ka zo mini da murna ka ce, "Kin gani, mai dogon baki? Har Beljiyam an san gwiwar Ijja. Ke da kike cewa ba su da zuciya."

Ijja tana murza kullu ta ce, "Gwiwar nan ta fi ni arziki. Ita ta zaga Turai, ni ko Marrakesh ban taka ba."

Ni ban yi dariya ba. Na yi sakandare, ina karanta Faransanci, kai ba ka yi. Na nemo dandalin da masu motocin nan ke rubuta wa juna farashin zanguna a waya, inda suke ba kowane wuri taurari. Na sami sunan zangonka, taurari biyar, da rubutun Armand a sama. Ga abin da ya ce: "Wurin da ya fi ko'ina arha a gaɓar nan. Kada ku biya abin da ke allo. Ku sha shayi da tsohon, ku tambaye shi gwiwar matarsa, zai sauke muku ashirin. Bai taɓa ƙi ba." A ƙasa mutum fiye da arba'in sun yi masa godiya. Wata ta rubuta cewa ta gwada, ta ci nasara, har an ƙara mata kwalbar man argan.

Ashirin. A kuɗinsu ko kofin gahawa ba ta saye.

Shekara guda na riƙe wannan a cikina. Ban ce na yi daidai ba. Na dai ga tsoho yana farin ciki da ƙarya, na auna, na ga gaskiyar ta fi ƙarfinsa.

Idir bai auna ba. Ya dawo daga Agadir da takardar shaida da takalmi mai tsini, ya shekara biyu yana neman mabuɗan zango, kana ce masa ya dakata. Ranar Juma'ar farko ta Nuwamban da ya wuce, Armand ya iso, an yanka akuya, mutum wajen talatin sun kewaye akussan kuskus, baƙi da maƙwabta da limaminmu. Idir ya miƙe da waya a hannu.

Ya ce, "Kawu, bari in karanta maka yabon da ɗan'uwanka ya yi maka."

Na ce, "Idir, zauna."

Ya ce, "Immi," haka muke kiran uwa, "ki bari ya ji. Shekara nawa ana cin sa kamar kifin gwangwani?"

Ya karanta da Faransanci. Sannan, don kada wani maƙwabci ya tashi bai fahimta ba, ya juya shi cikin harshenmu, kalma bayan kalma, har yana kwaikwayon muryar masu tambayar gwiwa. Wasu baƙin suka sunkuyar da kai. Ijja tana tsaye da butar shayi, ta ja zanenta ta rufe ƙafarta.

Armand ya yi ja kamar tumatir, ya daki kafaɗarka ya ce, "Haba, ɗan'uwa, wasa ne! Kowa yana yi. Ai taurari biyar na ba ka."

Ka dube shi, ka dubi yaron da ka raina. Abin da ka ce kawai, "Ku ci, kada ya huce." Ka zauna har aka gama, ka zuba wa kowa shayi da hannunka, har Armand. Washegari ka ajiye mabuɗan a gaban Idir. Ba ka sake zama a ƙofar zango ba. Wata biyu kana zaune kan kujera can bayan ɗakinku, kana kallon katanga, ba teku ba. Da na kawo maka abinci wata rana, ka tambaye ni, "Kin sani tun da?" Na ce na sani. Ka ce, "To, ku biyu ne, ke da ɗanki." Maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu ke nan, zan kuma tafi da ita kabari.

Idir ya goge allo ya rubuta ɗari da goma. Wuta talatin, kare goma, ruwan zafi sai ka jefa kwabo a akwati ya zubo maka na minti huɗu. Gurasa ta tsaya, kuskus ya tsaya. Da ma in iya cewa baƙin sun watse. Ba su watse ba. Zango ya cika fiye da da, suka rubuta cewa yanzu wurin ya san aiki. Armand ya yi mita kwana biyu, ya biya. Ashe duk shekarun nan suna da kuɗin. Ga darasi ga mai son ji: wanda ka ba kyauta abin da ya iya saye, ba godiya zai yi maka ba, wayonsa zai yaba.

Ran kwana biyu da rasuwarka Armand ya zo gaisuwa, hula a hannu, yana hawaye. Ban ce hawayen ƙarya ba ne, Allah Ya san zuciya. Amma da kunnena na ji shi a bakin ƙofa yana tambayar Idir ko za a rage masa na ranar jana'iza, tun da ba a kunna tukunyar ruwan zafi ba.

Ran kwana uku, masu karatun Alƙur'ani ba su ma tashi ba, Idir ya ja ni gefe da takarda. Da rasuwarka mafi yawan filin ya dawo hannuna, ba abin da zai motsa sai da sa hannuna.

Ya ce, "Immi, gidan nan da tanderu da tsakar gida, wurin mota shida ne. Fabrairu ce kasuwa. In aka rushe yanzu, za mu kama ta."

Na ce, "Matar da ke ciki fa? Takaba take."

Ya ce, "Takaba ai a Tiznit ma ana yi. Na samo mata ɗaki mai kyau, hawa na uku, ga iska."

Na ce, "Ita ce ta wanke maka kashi."

Ya ce, "Immi, kin cika tsohon zance. Irin wannan tausayin ne ya kashe Kawu."

Ban mare shi ba, akwai mutane. Na karɓi takardar na ce zan duba.

Na duba. Ranar Litinin na hau motar haya zuwa Tiznit, na zauna gaban masu rubuta shaida biyu, na mallaka wa Ijja gidan da tanderun da tsakar gidan daga cikin rabona, mallaka ta har abada, ta zauna ko ta sayar ko ta rushe da kanta in ta ga dama. Na dawo na sa an kai gadona ɗakinta. Na karɓe mabuɗan daga hannun Idir a gaban liman, na haɗa masa kayansa a jaka biyu. Yana da takardar shaida, Agadir cike take da otal. Yanzu ni ke zaune a ƙofar zango. Ɗari ne, har da wuta da ruwa, ba ragi, ba shayi. Wanda ya ga ya yi tsada, hanya a buɗe take har Dakhla.

Dangi sun fara turo mini manya, wai ɗa ɗaya gare ni, wai yaro ne. Mai shekara talatin da biyu ba yaro ba ne. Ina roƙon kowa ya huta da zaryar. Iyaye mata, ku ji daga bakin wadda ta ƙone: mun tura su makaranta su koyi lissafi, ba mu tsaya mun ga ko sun koyi kunya ba.

Dadda Belaid, ka yi wauta, amma wautar da ka yi ta fi wayonmu tsarki. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Ya sauke ka a masaukin da ba a ciniki a ƙofarsa, Ya saka maka kowace gurasa da ka rataya wa wanda bai gode ba. Ya sanyaya zuciyarka a kaina, in akwai sauran hanya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Ijja, Allah Ya ba ta haƙuri da lafiya, Ya cika mata kwanakin takabarta a ɗakin mijinta. Ina yi wa 'ya'yan baffanmu na Tiznit da na Kasablanka, da dangin Ijja, da maƙwabtan da suka ɗauki makara, da liman da jama'ar masallacinmu. Allah Ya ba kowa ladan tsayuwa.

Idir, ban sa sunanka ba. Wanda ya yi rashi ake yi wa ta'aziyya. Ranar da ka gane ka yi, ka zo, ka fara da ƙofar Ijja.

Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Zaina 'yar Hammu, Mirleft.