Zuwa Kware Neman Waƙar Masu Wankin Tumbi

Daga gida zuwa Ƙofar Kware

Mun bar gida bayan sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi a agogon aljihun Kawu Sani. Mu uku ne: ni, da Kaka wadda ta haifi innata, da Kawu ɗanta, mahauci a babbar kasuwa. Jakuna biyu muka ɗauka. Ni da Kaka a kan guda, ina riƙe da ƙugunta.

Isa Gajere mai kalangu, mawaƙin mahauta, shi ya tayar da mu. Labari ya zo cewa zai yi wasansa na ƙarshe ranar kasuwar Kware, daga nan ya ajiye kiɗa ya kama hanyar Makka da ƙafa. Kowa a Sakkwato ya san waƙoƙin da ya yi wa sarakunan pawa. Amma akwai guda da ya yi wa mata masu wankin tumbi a bakin gulbi, tun Kaka na da goyo, ba a kuma ƙara jin ya yi ta ba. Wankin tumbi shi ne sana'ar Kaka har bayanta ya gaza. Ta ce ba zai tafi ba sai ta sake jin waƙar daga bakinsa.

A ƙofar gari dubagari ya tsayar da mu, ya duba lambar agana a hannuna.

"Ina zuwa da sassafe, Sani?"

"Kware. Mutane na zuwa jin waƙar sarakuna, mu ta tumbi munka biyo."

Kaka ta zunguri jaki.

Gulbin Rima

Ƙarfe shida da minti arba'in muka iso gulbi, muka shiga kwalekwale, jakuna na iyo a bayanmu. Mai kwalekwale yana tuƙi yana rera wata waƙar Gajere, yana taka ƙasan jirgin da diddige.

Kaka ta ce, "Ɗana, ka san ta masu wankin tumbi?"

"Ta wa? Inna, duk waƙar da Gajere yay yi tana cikin kaina. Wagga kam ko mahwalki kinka yi."

Kawu ya yi dariya har ruwa ya shigo jirgi ya jiƙa masa wando.

Mil na bakwai

Na riƙa ƙirga duwatsun mil da Turawa suka kakkafa a gefen hanya. A na bakwai muka sauka gindin tsamiya, muka sha fura wajen wata tsohuwa mai zobe ɗaya a kunne. Da ta ji inda za mu, sai ta ajiye ludayi. Kalmomin waƙar sun ɓace mata, amma ta rera muryar cikin hanci, tana buga gefen ƙwarya.

"Ita ɗai ta waƙatai da ba a kira sunan kowane mai arziki ba," in ji ta.

"Shi as sa ta mutu," in ji Kawu. "Waƙar da ba ta da ubangida, wa ka cewa a yi ta?"

Kware

Mun shiga Kware sha biyu da kwata, mil goma sha uku a ƙirgata. Muka sauka gidan Gwaggo Hajo, ƙawar Kaka. Ta ba mu tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, mai tsami har haƙorana suka mutu.

Washegari bayan la'asar aka buɗe fage a gefen rumfunan mahauta. Ashe Gajere dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga rumfa. Takalminsa na hagu an ɗinke shi da jan zare. Ya yi waƙoƙin sarakunan pawa ɗaya bayan ɗaya, mahauta na ɗaga wuƙaƙe sama. Mu muna can baya cikin mata.

Da ya tsaya shan ruwa, Kaka ta aika aka kira shi. Ya zo ya durƙusa, ta faɗa masa buƙatarta.

"Inna, waƙar tana nan cikina. Amma 'yan amshin da sunka san ta, guda ya rasu, guda ya tahi Gwanja. Waɗanga yara ba su taɓa jin ta ba. In ba mai karɓa min, ba ta yiwuwa."

Mace ba ta yin amshi a fagen maza, balle tsohuwa. Kaka ta waiwayo ta dube ni, tunda ni namiji ne. Na san amshin sarai, don Kaka kan rera shi a gida, amma sai na shige bayan zanenta.

"To, in kaɗa miki ita da kalangu kawai," in ji Gajere. "Ki yi haƙuri da wannan."

Ya koma fage ya fara, a hankali, kamar ana murza abu cikin ruwa. Mahauta suka sauke wuƙaƙe suna duban juna. Wani ya ce, "Wanga taken wane na?" Kiɗan ya zo inda amshi ke shiga, aka yi shiru. Ya kewayo karo na biyu, sai aka ji wata katuwar murya daga cikin maza: "Ruwa da sanyi, hannu bai gaji ba."

Kawu ne. Yana tsaye yana sakace, idonsa na kan wata akuya, bai ma san ya yi ba. Sai da kowa ya juyo sannan tsinken ya faɗi.

Gajere bai ba shi damar gudu ba, ya kamo hannun rigarsa ya jawo shi tsakiya. Baiti huɗu suka yi, Kawu na karɓa yana kallon yatsun ƙafarsa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Kaka ba ta yi kuka ba. Hannuwanta kawai na gani suna murza gefen zanenta, suna matsewa, suna sake murzawa.

Da aka gama wani mahauci ya ce, "Sani, ina kak koye ta?"

Kaka ta amsa daga cikin mata: "Bisa bayana. Shekara biyu yana goye, yana jin ta yana jiƙa min zane."

Komawa

Mun taso da hantsi, Kawu na can gaba shi kaɗai har gulbi. Kaka kuwa barci ta yi ta yi a kan jaki, sai ni na riƙe ta. Ƙarfe uku saura minti goma muka shiga gida lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Gwaggo Hajo da masauki. Na kuma gode wa Kawu Sani, wanda ya roƙe ni kada in rubuta abin da ya faru a Kware. Kaka ce ta ce in rubuta.