Sati Uku Na Yi, Na Ce Ni Metir Ne

Kafin in lalace, tukwane nake sayarwa. Ina ɗauko randuna da tuluna daga ƙauyen Gaoui a bayan babur, in zaga da su unguwanni a nan N'Djamena. Sana'a ce mai rufin asiri, ba ta taɓa barina da yunwa ba. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna yana fawa, kuma an ce ya taɓa dambe. Wannan "an ce" ɗin na ɗauka na naɗa a kaina kamar rawani. Ko ɗan akuya ban taɓa nausa ba, amma duk inda na zauna sai in ce dambe gadona ne.

Mutum ɗaya ne ba ya raga mini, Isiyaku, ɗan kawuna, tela a unguwar Paris-Congo. Taubashina ne, kuma tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "bawana". In na fara cika baki a shagonsa, sai ya ce, "Bawana, kakanka ya yi dambe, kai kuma tulu ma da hannu biyu kake ɗauka." Haushin wannan tsiyar ne ya kai ni wurin koyon damben zamani, irin na safar hannu, a bayan wani gareji.

Mai koyarwar wani dattijo ne siriri, kowa Metir yake ce masa, wato malam da Faransanci. Ba ya jin Hausa, da Larabcin gari muke magana. Na isa ina hura hanci, ina jiran a sa mini safa a nuna mini wanda zan kayar. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya miƙo mini igiya. Igiyar tsalle, irin ta 'yan mata! Na ce masa naushi na zo koya. Ya ce, "Lissa." Wato tukuna.

Wallahi ban taɓa tsanar kalma kamar wannan ba. Gudu da sassafe, sannan igiya, sannan a tsayar da kai ana gyara maka ƙafa kamar mai koyon tafiya. Ƙafar hagu gaba, haɓa ƙasa, hannu biyu a kumatu. Ka matsa gaba, ka matsa baya, kada ƙafafu su harɗe. Minti uku kawai ake yi a huta, amma ni da nake ganin ina da ƙarfi, kafin a buga ƙarfe numfashina ya ƙare, harshe a waje. Washegari na kasa durƙusawa a masallaci saboda tsamin jiki. A sati na biyu aka kai ni gaban madubi, wai in naushi iska, da hannun hagu kaɗai. Ni da na san a damben gidanmu hannun dama ne mashi! Da zarar na sauke hannu daga fuska, sai in ji tafin Metir a kunnena. Na tambaye shi yaushe zan taɓa buhun naushi. Lissa. Yaushe zan sa safa? Lissa. Yaushe zan kara da mutum? Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da na fara ɗauka bandejin naɗe hannu ne. Na ce a raina aro ne, zan gwada a gida. Ba wanda ya tambaya. Bayan kwana biyu na sa safa guda biyu a buhun da nake rufe tukwane. Ranar da na cika sati uku na ƙara wasu biyu, ban sake komawa ba.

Na ɗauki hoto sanye da safar, na sa a waya. Samari suka fara tsayar da ni a hanya, wani ya ce, "Ashe kai Metir ne?" Da na ce a'a, da yanzu ba na rubuta wannan. Sai na yi murmushi na ce, "To, ana taɓawa." Daga nan na samu wani kango a unguwar Milezi, na rataye buhun yashi a reshen bishiya, na ajiye randa guda ta ruwan sha, na ce na buɗe makaranta. Na ce na yi wasa a ƙasashen waje, alhali iyakata Gaoui.

Kasuwa ta buɗe mini, domin na san abin da suke so, tunda irinsu ne ni. A wurina ba gudu, ba igiya, ba madubi. Ka zo yau, yau za ka sa safa, yau za ka kara da mutum, a ɗauke ka bidiyo. Robar kare haƙori da hular kare kai, cewa nake kayan matsorata ne. Gaskiyar ita ce su ban samu na sata ba. Na daina zuwa Gaoui. Haɓo da fasasshen leɓe kullum sai an yi, ni kuma ina tsaye ina ihu da 'yan kalmomin Faransancin da na tsinta a bakin Metir, rabinsu ban san ma'anarsu ba.

Rannan da la'asar sai ga Isiyaku. Ya ce zaman keken ɗinki ya tara masa tumbi, likita ya ce ya riƙa motsa jiki.

"Na ji an ce bawana ya zama malami," in ji shi. "Na ce in ba gida ba, ina zan kai tumbin nan?"

Daɗi ya kama ni. Yau ga mai yi mini tsiya a hannuna. Na ɗaura masa safa, na kira wani ƙato mai lodin siminti, na ce su gwada.

Isiyaku ya dubi ƙaton, ya dube ni. "Bawana, ba sai an fara koya mini yadda zan kare fuska ba?"

Ku ji fa, tela ma ya san abin da ya kamata. Kalma ɗaya ce a wuyana, kuma na san ta, sati uku ana dura mini ita a kunne. Amma jama'a na kallo. Na ce, "Haba ubangidana, tsoro kake ji? A nan da duka ake koyo."

Ya shiga hannuwa a ƙasa, haɓa a sama, yana dariya. Naushi na biyu ya same shi a idon dama. Ya zauna a ƙasa, ya dafe wurin, ya ce yana ganin walƙiya. Na ce a zuba masa ruwan randa, zai wuce. Sai bayan kwana uku aka kai shi asibiti, aka ce an makara.

Kawu ne ya kai ni wurin 'yan sanda da kansa, kuma ban ga laifinsa ba. Da aka kwaso kayan kangon, sai ga alamar wurin Metir a cikin kowace safa, da alƙalami, inda ni sakarai ban taɓa dubawa ba. A kotu alƙali ya tambayi Metir ko ni ɗalibinsa ne. Ya ce, "Sati uku ya yi. Tsayuwa ma bai iya ba." Mutane suka fashe da dariya. Isiyaku na zaune da auduga a ido, shi bai yi ba. Aka haɗa mini sata da yaudara da jawo rauni, aka tura ni gidan yari.

Zaman can ba zan ba ku labarinsa duka ba. Zafi, cunkoso, layin ruwa. Abin takaicin shi ne can ma lissa ce abincinmu. Yaushe za a buɗe ƙofa? Lissa. Yaushe za a kira sunana? Lissa. Haƙurin da na ƙi yi na 'yan watanni a gaban madubi, na yi shi dole fiye da shekara a gaban bango. Da safe nakan yi tsallen igiya ba igiya, fursunoni na cewa na zare.

Da na fito na je na durƙusa wa Metir. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ya dai miƙo mini igiya. Na koma tukwanena, ina zuwa wurinsa da safe. Wata biyar kafin ya bar ni na kara da mutum, da hula da roba a baki.

Shagon Isiyaku ne ya fi mini wuya. Sau uku ina zuwa, ya amsa sallama, ya kira ni da sunana na yanka kamar baƙo. Wannan ya fi mini gidan yari ciwo. Idon dama ya tafi. Aikin surfani da aka san shi da shi ya daina, sai ɗinki miƙaƙƙe.

To samari, ku saurara, don na gaji da ganinku kuna zuwa wurin Metir da irin fuskar da na zo da ita. In kun fara koyon dambe, gudu za ku sha, da igiya, da ciwon jiki, da naushin iska har ku ji kamar mahaukata. Za a koya muku kare kai kafin a koya muku duka, kuma za a daɗe. Haka abin yake, ba wulaƙanci ba ne. Kada ku ɗauki ko bandeji da sunan aro. Kada ku amsa sunan da ba naku ba. Duk malamin da ya ɗaura muku safa ranar farko ya ce ga abokin karawa, ku tuɓe ta ku gudu, irina ne.

A zuwana na huɗu shagon, na tarar da Isiyaku yana fama da allurar keke. Ya lashi zare, ya kai, ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake wucewa. Ina tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Bawana, tsayuwar me kake yi? Zo ka zura mini."

Na zura. Tun daga ranar, kullum kafin in kama hanyar Gaoui sai na biya na zura masa zare.