Namijin Dinyar da Aka Yanka wa Kawu

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ƙauye gabas da Baure, gidanmu ne na ƙarshe a gari. Daga bayan dangarmu sai jigawa, yashi ne fari fat, kuma duk ramukan yanyawa ne a ciki. In ba ku san ta ba, ƴar ƙaramar dabba ce mai kama da kare, ga manyan kunnuwa. Ka gan ta ka raina ta, amma ta raba mata da yawa da kajinsu.

Ina da kaji da ƴan zabi, sai dinya biyu, mace da namiji. Mahaifiyata ce ta ba ni su shekarar da za ta rasu. Irin na gidansu ne, ita ma a hannun kakata ta gada. Ranar da ta sa aka kawo min su a kwando, cewa ta yi, “Ba ni da zinari. Ga waɗannan, kada ki bari iri ya yanke a hannunki.”

Kafin zuwansu na sha asara. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci kowa da shawararta. Wata ta ce in jera ƙayar magarya a gindin danga, na jera har hannuna ya yi kaca-kaca. Wata ta ce in rataya tsohuwar rigar maigida a sanda. Na rataya, ni ce ma na riƙa firgita da ita in na fito alwala, yanyawa kuwa ko a jikinta. Tona yashi take yi ta ƙarƙashi ta shigo.

Da dinyoyin suka zo sai ɓarnar ta tsaya. Namijin nan ba ya barin ko ƙadangare ya gifta. Abu kaɗan ya motsa a bayan danga, sai ya miƙe wuya ya cika gida da kuka, ya bi da gudu yana buɗe fukafukai. Aibinsa ɗaya, bai san babba ba. Ya tsangwami mai tallan manja, ya yaga wa maƙwabciyata zane. Maigida ya tsane shi.

Ana nan macen ta yi ƙwai a lungun rumbu ta hau kwanci, karo na farko a hannuna. Namijin ya tare a bakin lungun, ko ni sai da lallami nake ajiye mata ruwa.

A kwanakin ne kawun maigida, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya zo daga tsallaken iyaka ta Kongolam. Ya yi sallama ke nan ya sako ƙafa tsakar gida, namijin ya taso ya cafke shi a sha-raɓa. Tsoho ya yi tsalle, hula ta faɗi.

“Kai! Wannan tsuntsu ne ko ɗan doka?” in ji shi yana dariya. “Na ratso iyaka ba wanda ya tare ni, sai a gidan ɗana!”

Kowa ya yi dariya ban da maigida. Ya biyo ni madafa.

“Uwar yara, ɗora ruwan zafi. Shi za a yanka wa Kawu.”

Na ce, “Malam, ga jan zakaran can, ya yi ƙiba.”

“Zakara? Mutumin da ya ci da ni ya shayar da ni? Abin da ya fi girma a gida shi ake yanka wa irinsa. Kuma namiji ne, ƙwai yake yi miki?”

“Ba ya yi. Amma shi ke gadi.”

“Ga ƙaya, ga danga. Gadin me kuma?”

Kawu yana zaure yana jiyo mu. Ban iya ɗaga murya a kan abincin baƙo ba, ba a yi min tarbiyya haka ba. Na ɗora ruwa. Ni na fige shi, ni na dafa. Kawu ya ci ya sa albarka, har yana cewa yau ya rama cizonsa. Macen kuwa tana lungun rumbu tana ta kira, ba mai amsawa.

Ba a yi mako ba. Wata safiya na fito zan watsa wa kaji dusa, na ji gidan shiru. Ga rami sabo a gindin danga, ƙarƙashin ƙayar tawa, ga gashi fari warwatse har bakin rumbu. Ƙwai yanyawa ta zo ɗauka, macen ta hana. Na same ta a kan sauran ƙwan, wuyanta duk jini, fiffike ɗaya ya saki. Ba ta tashi ba ko da ta gan ni.

Na kira maigida. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, “Kawo wuƙa, kada ta zama mushe.” Naman ban iya ci ba, na aika wa maƙwabta.

Ƙwai uku suka rage da ɗumi. Na naɗe su a zane na nufi gidan maƙwabciyata, wadda aka yaga wa zane. Kaza ba ta jure kwancin ƙwan dinya, takan tashi kafin lokaci, amma ita tana da agwagwa a kan ƙwai.

Ta ce, “Yaya, ƴaƴan wancan azzalumin za ki kawo min in rena?” Ta ga fuskata, sai ta karɓa ba ta ƙara ba.

Da yamma sai na ga maigida yana haƙa gindin danga, yana binne tsofaffin kwanon rufi a tsaye cikin yashi, har ya zagaye gidan. Hakan ne ban-haƙurinsa, na kuma karɓa.

Cikin ƙwan, biyu suka yi bara-gurbi. Ɗaya agwagwar ta ƙyanƙyashe. Na riƙa zuwa kullum ina duba shi, ina roƙon Allah ya sa mace ce, don in mace ce ko namijin aro sai in nema, a ce dai ƙwan daga irin Inna ya fito. Da ya tasa na dawo da shi gida, wata rana mai tallan manja ya yi sallama, sai na ga ya miƙe wuya ya bi shi da gudu. Yara suna ta dariya. Ni na shiga ɗaki.

An ce min a nemo masa mace. Mun yi cigiya har kasuwar garin Babban Mutum, a ƙauyukanmu ba mai irinsu. Ya yi shekaru tare da mu, yana gadin kaji da zabin da ba danginsa ba, yanyawa ba ta ƙara ɗaukar ko ɗan tsako ba. Baƙi sun zo sun tafi, maigida bai sake duban sa da wuƙa ba. Tsufa ne ya kashe shi.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Kawu bai san abin da ya biyo baya ba har ya koma ga Allah, maigida kuma girmama wanda ya rene shi ya yi. Abin da na gane kawai, wani abin ba a sanin aikinsa a gida sai ranar da aka wayi gari shiru. Yanzu ƴata ta fari tana ɗakinta. Da za ta tare na ba ta kaza da zakara, na buɗe baki zan faɗa mata abin da Inna ta faɗa min, sai na ce mata kawai ta riƙa rufe akurki da wuri.