Na Mayar Da Mahaifina Kayan Ado A Libreville

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina taɓe baki da wautar mutane. Yau ga tawa na kawo, a taɓe mini.

A shekarun da kuɗin man fetur ya cika Gabon, ni matashin magidanci ne mai shagon kwanon rufi da ƙusa da rodi a unguwar Akébé, cikin Libreville. Da jaka ɗaya na baro ƙasar Kano, amma na faɗo daidai lokacin da gari ya kama gini ta ko'ina, duk wanda ya ɗora bulo biyu sai ya neme ni. Na yi teɓa, na sayi agogon da ya fi ƙarfin hannuna, na koyi Faransancin ciniki ina yaɓa shi ko inda ba a tambaye ni ba. Mu 'yan Nijeriya masu shaguna da 'yan Nijar masu tuƙa taksi da manyan motoci duk kanwar ja ce, samari ne da kuɗi ya riga hankali zuwa wurinsu. Abu ɗaya ne ba mu da shi, wato tsoho. Ka zagaye mu kaf da wuya ka ga furfurar kirki. In an yi haihuwa, wanda zai yi addu'a sa'anka ne, ka san inda yake yini, ka san abin da yake aikatawa, sai ka ce amin ɗin ma a daƙile.

Nan dabara ta faɗo mini, na aika a kawo mini mahaifina. Na gaya wa 'yan'uwana a gida cewa hutu nake so ya yi, ya gaji da noma. Na gaya wa kaina haka ma. Gaskiyar magana kuwa, akwai waɗanda suka fi ni mota, suka fi ni shago, ni kuma ina neman abin da ba za su iya saya ba. Baba ya haura saba'in a lokacin, siriri ne mai farin gemu, ba wani babban malami ba ne, manomi ne mai 'yan izu a kai da tsoron Allah. Ya sauka da buhu guda na kuka da busasshen zogale da kuɓewa da daddawa. Ko kwana biyu buhun bai yi a gidana ba na sa aka kai shi bayan shago, wai kada warin daddawa ya ba ni kunya gaban baƙi. Ruwan sama ya same shi a can ya ruɓe.

Na ce uban mai kuɗi ba zai ci abincin talaka ba. A kasuwa ga mangwaro, ga gwanda, ga fiya, ga ɗanyen ganye iri-iri, ban taɓa tsayawa na saya masa ba, don a ganina wannan cimar leburori ce. Abin da jirgin ruwa ya kawo daga Faransa shi ne abinci: kifin gwangwani, naman gwangwani, madarar gwangwani, farin burodi da lemon kwalba. Baba yakan ci kaɗan ya ture. Ya sha ce mini bakinsa yana marmarin miyar ganye, ni kuma sai in yi dariya in ce zai saba. Da safe in ɗauko shi in zaunar da shi a kujera a ƙofar shago, bakin titi, inda manyan motoci ke tirniƙe shi da hayaƙi, masu walda na maƙwabta suna ƙara masa nasu. A can ne za a fi ganinsa, shi ya sa.

An kuwa gan shi. Cikin wata guda Baba ya zama na kowa. Wanda ya sayi sabuwar taksi sai ya kawo Baba ya dafa ta. Wanda zai buɗe shago a unguwar Nzeng-Ayong sai ya turo mota. Suna, ɗaurin aure, sasanta rigima, duk sai da Baba. Mutanen da ba sa aika wa nasu iyayen ko wasiƙa su ne ke rige-rigen durƙusawa gaban nawa, su kama hannunsa da hannu biyu su shafa a fuska, su miƙo tafi ya yi musu tofi. Ba albarka suke nema ba, so suke a ce sun nema. Ni kuwa ina gefe ina hura hanci, don ba a zuwa wurin Baba sai ta hannuna. Sau uku yana roƙona in mayar da shi gida kafin damina, kullum ina ce masa bayan wannan taron.

Sai wata mura ta shigo gari, irin mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda ake ce wa girif a can. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya yi kwana uku yana tari, ya sha shayi da citta, ya koma bakin sana'arsa. Har abin barkwanci muka mayar da ita, wanda ya kwanta a ce masa rago. Babu wanda ya san abin da take yi wa ƙirjin tsoho a cikinmu, saboda babu wanda ya taɓa zama da tsoho a garin. Ni ma ta kama ni daidai makon da zan buɗe shagona na biyu a Glass, kusa da bakin teku, amma ban fasa cin abinci kwano ɗaya da Baba ba, ina tari ina jan hanci a kansa.

Ranar buɗe shagon na shiga ɗakinsa da sabuwar babbar riga. Na tarar da shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwa. Ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, ka bar ni yau. Jikina babu ƙwari."

Na ce, "Baba, mutane sun riga sun taru."

Ya miƙo hannu na sa masa rigar. Na zaunar da shi a kan darduma a tsakiyar shago, na kunna masa fanka a kai, aka ja layi har waje. Rabin layin tari suke. Ina kallo wani ya yi atishawa a tafinsa, ya goge a riga, ya kama hannun Baba ya sumbata. Tun hantsi har la'asar ana haka, ni ina karɓar barka.

Kwana huɗu bayan nan na warke sarai, Baba kuma numfashi ya fara gagararsa. Ko a nan sai da na ɓata kwana biyu ina cewa ai mura ce. Da leɓɓansa suka canza launi ne wani direba ɗan Nijar ya daka mini tsawa, ya ɗauke mu zuwa asibiti, shi ne kuma ya yi mini tafinta, don Faransancin nan nawa na burga bai kai ko'ina ba. Likitar mace ce 'yar ƙasar, ta manyanta. Ta tambayi abin da yake ci, da inda yake yini, da waɗanda yake hulɗa da su. Ina ba ta amsa da alfahari, ita kuma fuskarta tana ƙara tsukewa. Daga nan ta tambayi sana'ata. Da na faɗa, sai ta ce to ai na san tsatsa. Ta ce iskar da muke shaƙa mu rayu, ita ma tana barin wani abu mai kama da tsatsa a cikin jiki, jiki kuma yana da nasa abubuwan da yake goge ta da su. A jikin matashi, abin da ake ɓatawa da abin da ake gyarawa suna tafiya daidai. In aka tsufa masu gyaran sukan ragu, hayaƙi ya ƙara ɓarnar, rashin ganye da 'ya'yan itace ya rage taimakon. In ƙwayar mura ta shiga irin wannan huhu, faɗan da jiki zai yi da ita ma ƙarin ɓarna ne, shi ya sa abin da na warke daga shi cikin 'yan kwanaki ya kwantar da mahaifina. Sannan ta tambaye ni yadda nake ajiye kwanon rufin da nake sayarwa a garin da iskar teku ke cin ƙarfe.

Na san amsar. Kwanona a kan katako yake, ba ya taɓa ƙasa. Ina rufe shi da tamfol, ina shafa wa rodi mai, ba na barin mai jiƙaƙƙen hannu ya taɓa mini kaya.

Baba ya rasu ranar da ya cika kwana biyar a asibiti, da rana tsaka, a ƙasar da bai san harshenta ba. Jana'izarsa ta cika maƙil, har ana ture juna wajen ɗaukar makara, saboda nan ma wurin a gan ka ne. A zaman makoki, ranar uku, wani mai shago da ya fi kowa kuka ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya tambaye ni ko Baba ba shi da ƙane a gida, don yana da ɗaurin aure wata mai zuwa. Na dube shi na ji kamar in tofa masa yawu. Abin da ya hana ni shi ne, ban ga bambancina da shi ba.

Ba zan ce ga wanda ya shafa wa Baba cutar ba, ko ni ne a kwanon abinci, ko masu layi ne. Kwanansa ne ya ƙare, na yarda da haka, amma wannan bai wanke ni ba. Abin da na koya shi ne, jikin tsoho ba jikinka ba ne da aka ɗora wa furfura, abin da kake kira 'yar mura shi ajalinsa yana iya zama a ciki. Masu iyaye a raye, ku ba su abincin da jikinsu ya sani, ku raba su da hayaƙi, in kuna tari ku gaishe su daga nesa, in numfashinsu ya canza kada ku jira gobe. In kuma tsoho ya ce a bar shi yau, a bar shi, ko da duk garin ne ya taru.

Yanzu na kai shekarun Baba. In jikokina suna mura, daga bakin ƙofa suke gaishe ni, mutanen unguwa suna cewa tsohon nan girman kai gare shi. Su yi ta faɗa. Kwanan baya babban ɗana ya zo da sabuwar riga, wai in je in buɗe masa shago. Na ce masa jikina babu ƙwari, sai ya ninke rigar ya ce in huta, ya tafi. Bayan fitarsa na daɗe zaune a bakin gado ina kuka.