Malam Gwadabe, Mai Buɗe Cikin Laita

Ƙarfe bakwai na safe Malam Gwadabe yake fito da teburinsa bakin titi a Nasarawa Gwom cikin Jos, tsakanin mai faci da mai shayi. Ya shimfiɗa tsumma, ya jera hantsaki da allura da kwalbar fetur da gwangwanin ƙanƙara, ƙananan duwatsun nan da ke ba laita tartsatsi. Kafin ya karɓi aikin kowa, sai ya ɗauko laitoci goma sha ɗaya da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Ya ƙyasta su ɗaya bayan ɗaya, yana ambatar sunan mai kowacce ƙasa-ƙasa, ya bar harshen wutar ya miƙe, sannan ya rufe. Mai shayi ya daɗe da daina kallon wajen. Ya ce abin na tayar masa da tsigar jiki.

Shekararsa arba'in da shida a kan teburin nan. A ƙarshen wata zai tashi, domin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dishi-dishi. Babu wanda ya shirya masa taro. Garin da ke buga kalanda saboda mutum ya fente aji ɗaya da kuɗin jama'a ba shi da lokacin mai gyaran laita, kuma wannan abin kunya ne.

Bai taɓa shan taba ba. Kawunsa, wanda ya yi wa turawan kuza gyara, shi ya koya masa, kuma a hannunsa ya san laitar da mutanen Jos ke kira mai kunama saboda tambarin gindinta. Idan aka zauna masa a benci yakan ba da tarihinta kamar na danginsa. Ta farko tagulla ce, mahaɗin murfinta a waje, yana yaga aljihu. Lokacin babban yaƙi tagulla ta yi wuya, aka yi ta da baƙin ƙarfe mai cin tsatsa. Bayan yaƙi aka mayar da mahaɗin ciki, aka ƙara huda a bututun da ke kare lagwani, har iskar Jos ba ta kashe ta, aka kuma fara buga shekara a gindi. Da ta roba mai gas ta shigo, wadda ake jefarwa idan ta ƙare, sai abokan sana'arsa suka watse. Shi ya zauna.

Abu ɗaya yake nanatawa. Rigar laita daban, cikinta daban. Riga takan wuce daga uba zuwa ɗa, ana zare ciki ana sa sabo. Don kada ya rikita kayan mutane, duk cikin da ya gyara yakan zana sunan mai shi da allura, da ajami, a inda riga za ta rufe.

A watan Maris da ya wuce, wani mai haƙar kuza, Uzairu, ya zo da rana tsaka ya ajiye wata mai kunama da ta yi kore.

"Baba Laita, a taimaka a tayar min da wannan."

"Kai da ko ashana aro kake yi?"

"Ta gayu ce, Baba. Sai an gan ni da ita."

Malam Gwadabe ya kai ta hanci. Warin tsohuwar laka ne, irin ta ƙasan ruwan da rana ba ta kaiwa. Ya tambaye shi inda ya samo ta. Uzairu ya sosa ƙeya. Wani tsohon kududdufin kuza ne a hanyar Bukuru ya ja baya da rani, suna tono suka ci karo da ƙasusuwan mutum, laitar tana kwance tsakanin haƙarƙari.

"Mun kira hukuma fa, Baba. Oga ya juya gindinta ya ga 1954. Ya ce leburan zamanin Bature ne, ba shi da kowa. Gobe bayan azahar za a tona rami a gefe a rufe. Ya ce in riƙe, tsohon ƙarfe ne."

Haka aka yanke wa mutum hukunci da kallo ɗaya. Jami'in da ke da hula da mota bai ga dalilin buɗe abin da ke tafin hannunsa ba.

Malam Gwadabe ya jiƙa ta a kananzir, ya yi ta lallaɓa ta har la'asar kafin cikin ya zaro. Ba na 1954 ba ne, irin wanda aka fara kawowa ne shekaru talatin bayan haka. Ya goge gefensa da tsumma, ya kawo shi kusa da idonsa mai gani. Rubutun hannunsa ne. Haijin.

Hyginus ke nan, mai gyaran keken ɗinki a Anguwan Rukuba, wanda ya gaji rigar laitar daga ubansa, akawun kamfanin kuza. Wata safiya, shekara ashirin da uku da suka wuce, ya tafi Bukuru sayo kayan gyara, ba a sake ganinsa ba. Dangi sun so a binne akwati ba gawa. Matarsa Felicitas ta ƙi. Duk shekara takan sa a sake fente allon shagonsa.

Malam Gwadabe ya sa sabuwar ƙanƙara da lagwani, ya kulle teburi, ya hau keken haya mai ƙafa uku. Ya sami Felicitas a ƙofar gida tana gyaran ganye.

"Malam Gwadabe? Kai, ka tsufa."

"Madam, ke ma ba ki tsaya jirana ba."

Ta yi dariya, ta shigar da shi falo. Ya ajiye laitar a teburi. Dariyar ta ɗauke, amma ba ta taɓa ta ba.

"Irin wannan da yawa a Jos," ta ce.

"Da yawa," ya ce.

Ya ɗaga murfin da babban yatsa. Ya yi ƙas. Felicitas ba ta dubi laitar ba, ƙofa ta juya ta duba. Labule ne kawai yake motsi. Sun daɗe a haka, ita tana kallon ƙofa, shi yana riƙe da wuta da hasken rana.

"Nan yake tsayawa," ta ce. "Ban yarda ya sha taba a ciki ba. Idan na ji wannan ƙara, na san ya dawo."

Washegari kafin azahar shi da Felicitas suna bakin kududdufin. An riga an tona ramin, ƙasusuwan suna cikin buhu. Jami'in ya ce takarda ta riga ta wuce. Malam Gwadabe ya zare cikin laitar ya miƙa masa.

"Oga, ba na karanta rubutunka, ba ka karanta nawa. A kira wanda zai karanta mana duka."

Ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa na reto a ciki, ya ƙi tashi. Masu haƙar kuza suka ajiye shebur. Ba a rufe kowa ranar ba. Bayan wata biyu, gwajin da aka yi da jinin 'yar Hyginus ya tabbatar da abin da allura ta rubuta. Ko faɗawa ya yi, ko jefa shi aka yi, har yau babu wanda ya sani. Amma an binne shi da sunansa, Felicitas ta sa kayan takaba, Malam Gwadabe yana tsaye can baya da hularsa.

Kai ne, Malam, ka riƙe ƙaramin aiki da gaskiyar da manya suka kasa riƙe nasu. Kai ne mai allura, wanda bai yarda da riga ba sai ya ga ciki. Ba ka tambayi addinin ƙashi ba kafin ka zauna a bakin raminsa. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba idonka sauƙi, ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma da muka yi boko muke sa hannu a kan abin da ba mu buɗe ba, mu ji kunya mu gyara. Duk mai aiki a gabansa, takarda ce ko majinyaci ko gawa, ya duba ciki kafin ya yanke. Wanda ke da haƙuri ya je Nasarawa Gwom kafin ƙarshen wata, ya zauna a benci ya koyi karanta rubutun nan tun mai shi yana gani. Sunaye da yawa ya zana a shekara arba'in da shida, kuma yawancin kududdufan Jos ba su ja baya ba tukuna.